Shin ɗumamar yanayi ba riba ba ce ga dazuzzukan ƙasashen sanyi?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibin aikin gona ne. Kullum ana cewa ɗumamar yanayi masifa ce, amma ni gani nake ƙasashe irin su Kanada da Rasha riba za su ci. Idan sanyi ya ragu ai bishiyoyinsu za su ƙara girma, su zuƙe iskar kabon ɗin da ake kuka da ita. Ko ba haka ba?

Amsa: Wa alaikumus salam. Maganarka ba ta rasa tushe ba, ɗan'uwa. A can bakin arewa, inda daji ke ƙarewa filin ƙanƙara ya fara, hotunan tauraron ɗan'adam sun nuna ƙananan itatuwa suna ta yaɗuwa, lokacin tsiro kuma ya ɗan ƙara tsawo. Sai dai kai bishiya kake kallo, alhali dukiyar wannan daji a ƙarƙashin ƙasa take.

Dajin da muke magana a kai, wanda ake kira taiga, ya taso daga Alaska ya ratsa Kanada, ya bi ta Suwidin da Finlan har ƙarshen Saiberiya. Shi kaɗai ya kai kusan kashi ɗaya cikin uku na dazuzzukan duniya. Ka san yadda kara da ganye ke ƙarewa a gonakinmu, kafin damina ta zagayo gara da ruɓa sun gama da su. To a can sanyi ba ya barin abu ya ruɓe da wuri. Ganye da saiwa da gansakuka sai su yi ta taruwa, wani kan wani, shekaru dubbai. A wurare da yawa ƙasar ma a daskare take rani da damina, samanta kawai ke narkewa na 'yan watanni. Masana sun ƙiyasta kabon da ke kwance a yankin wannan daskararriyar ƙasa ya kai wajen tan biliyan 1,500, kusan ninki biyu na wanda ke cikin iskar duniya yanzu. Da zarar ta narke, ƙananan halittun cikin ƙasa su farka su kama cin abin da aka daɗe da ajiyewa, suna fitar da iskar kabon, inda ruwa ya kwanta kuma su fitar da iskar metan, wadda ta fi ta riƙe zafi.

Kuma ɗumin ba kaɗan-kaɗan yake zuwa ba. Wani bincike da masana a Finlan suka fitar a 2022 ya nuna cewa tun daga 1979 yankin ƙurewar arewa yana ɗumama da saurin da ya kusa ninka na sauran duniya sau huɗu. Ranar 20 ga Yunin 2020 zafi ya kai digiri 38 a garin Verkhoyansk na Saiberiya, garin da aka sani da sanyin da ke wuce digiri 60 ƙasa da sifili.

Abin da ya fi damuna shi ne gobara. Wuta ba baƙuwa ba ce a wannan daji. Baƙar sufurus, bishiya mai ganye kamar allura da ta cika Alaska da Kanada, tana riƙe irinta a cikin kwanso liƙe da ƙaro, zafin wuta ne ke buɗe shi irin ya zube a kan toka. Amma tsarin yana tafiya daidai ne idan wutar ta jima ba ta dawo ba, kuma ba ta ci ƙasa da zurfi ba. Yanzu tana dawowa kafin sababbin bishiyoyi su isa yin iri, tana kuma cinye shimfiɗar gansakukan da ke kare ƙanƙarar ƙasa daga zafin rana. Wani lokaci ma ba ta mutuwa: sai ta kwana tana cin ƙasa a ƙarƙashin dusar ƙanƙara har lokacin sanyi ya wuce, ta sake ɓullowa. A 2023 kimanin hekta miliyan 15 suka ƙone a Kanada, wajen ninki biyu na faɗin Jihar Neja, aka kwashe mutanen birnin Yellowknife kusan 20,000, hayaƙin ya turnuƙe har New York.

A nan akwai abin da ke goyon bayanka. Inda wuta ta ci sosai a Alaska, bishiyoyi masu faɗin ganye kan maye gurbin sufurus, sun fi saurin girma, ba su kuma kama wuta da sauƙi. Amma kabon da ke jikin itace yana nan ne har gobara ta gaba. Su ma itatuwan da ke yaɗuwa arewa, duhunsu a kan farar ƙanƙara yana sa ƙasa ta ƙara zuƙar zafin rana.

Ƙwari ma sun samu sarari. Wani ɗan ƙwaro mai huda bawon bishiyar fain (ita ma mai ganye kamar allura), wanda matsanancin sanyi ke kashe tsutsarsa, ya addabi sama da hekta miliyan 18 a lardin British Columbia na Kanada tun daga shekarun 1990.

Dabbobi kuwa lissafin lokaci ne ya rikice musu. Zomon wannan daji yana rikiɗa ya zama fari idan sanyi ya gabato, kuma tsawon yini ne ke sa shi sauya gashi, ba zuwan ƙanƙara ba. Idan ta makara, ga shi fari fat a kan baƙar ƙasa, kyanwar daji da mujiya suna hangensa daga nesa. A ƙarshen 2013 ruwan sama ya sauka a kan dusar ƙanƙara a yankin Yamal na Rasha, ya daskare ya rufe abincin barewar da makiyaya 'yan ƙabilar Nenets ke kiwo. Kofato ya kasa fasa shi, kimanin 61,000 suka mutu da yunwa.

Batun noma, tunda fanninka ne: za a iya samun sababbin gonaki a gefen kudu na dajin, amma yawancin ƙasar taiga mai tsami ce, ba ta da ƙarfi, kuma inda ƙanƙarar ciki ta narke sai ƙasa ta lotsa ta zama fadama, bishiyoyi su karkace, hanyoyi da gidaje su tsattsage, kamar yadda ake gani a biranen Yakutsk da Norilsk na Rasha.