Tsakanin "kifar da" da "hamɓarar da", da asalin kalmar ta'addanci

Wani mai karatu daga Maraɗi ya tambaya: me ya sa wasu gidajen rediyo ke cewa sojoji sun "kifar da" gwamnatin Mohamed Bazoum ta Nijar, wasu kuma su ce sun "hamɓarar da" ita? Duk ɗaya ne?

Ba ɗaya ba ne, ko da yake ana musanya su. Kifarwa ta ƙwarya ce. Uwargida ta gama wanke-wanke ta kife ƙwaryar a kan turmi, baki ya koma ƙasa, gindi ya koma sama, ba tare da ta fashe ba. Hamɓara kuwa aikin ƙafa ce, irin ta jakin da aka matsa wa. Akwai duka a cikinta. A ranar 26 ga Yulin 2023 dakarun da ke tsaron fadar shugaban ƙasa ne suka tsare Bazoum a gidansa da ke Yamai. Bayan kwana biyu Janar Abdourahamane Tchiani, wanda ya jagoranci dakarun nan tun 2011, ya bayyana a talabijin a matsayin sabon shugaba. Tunda daga cikin gida abin ya fito, ni na fi karkata ga "kifar da". Nan ne ma wurin karin maganar nan, da ɗan gari akan ci gari.

Tambaya ta biyu daga wata malamar makaranta ce a Zariya, kuma ita ta fi ɗaukar hankalina. Ta ce Tchiani ya kafa hujja da taɓarɓarewar tsaro, ya sallami sojojin Faransa a ƙarshen 2023, na Amurka suka bar sansaninsu na Agadas a 2024, ya kuma haɗa kai da Mali da Burkina Faso a ƙawancen ƙasashen Sahel da ake kira AES, duk da sunan yaƙi da ta'addanci. To ita kalmar daga ina ta samo asali?

Malama, tushenta Larabci ne, ta'addi, wato ƙetare iyaka. Hausa ta daɗe da aro ta. Tun muna yara muke jin "akuya ta yi ta'adi a gona", ko a ce wa yaron da ya fasa tulu mai ta'adi. Daga baya aka liƙa mata "-anci", ɗafin da ke nuna hali ko ɗabi'a, kamar a iskanci da shaiɗanci. Abin lura shi ne Larabawa kansu ba da ita suke kiran wannan musiba ba. Irhabi suke cewa, daga tsoratarwa. Su tsoron da ake jefawa a zukata suka duba, Bahaushe kuma ya dubi haddin da aka keta, na rai da dukiya da mutunci.

Shi ya sa raina ke ɓaci idan na ji ana jifan ɗan adawa ko ɗan jarida da ita, a kowace ƙasa. Kalma ce mai nauyi, kuma akwai masu ita: mutanen ƙauyukan Tillaberi da Diffa da aka tayar daga gidajensu, aka kore musu dabbobi, aka rufe makarantun 'ya'yansu. Ban yarda a ce "ɗan ta'adda" ba sai an iya nuna rayukan da ya ɗauka ko garin da ya tasa.