Zukinin da na shuka ya fito da ɗaci, a dafa ko a zubar?

Tambaya: Salam malam. Bara na sayi irin zukini, wato kabewar Turawa, na shuka a bayan gida ya yi kyau sosai, sai na bar ɗaya ya ƙosa na cire iri na ajiye. Bana shi na shuka, 'ya'yan sun fito amma ɗaci kamar maɗaci. Maƙwabciyata tace in jiƙa da gishiri in jefa kanwa, wai ma ɗacin maganin suga ne, kuma maigida yana da suga. Hankalina bai kwanta ba.

Amsa: Wa'alaikumussalam Hajiya. Kar ki dafa, kar ki ba maigida, kar ki ba awaki. Ki tuge wannan gindin gaba ɗaya, sauran irin da kika ajiye ma ki zubar.

Ɗacin nan wani sinadari ne da ake kira kukubitasin, shi ne yake sa duman ƙwarya ɗaci, kuma guba ne. Irin da ake sayarwa a leda an yi ta zaɓen marar ɗaci ana shukawa har ɗacin ya fita, amma irin da mutum ya cire da hannunsa ba tabbas, ƙudan zuma na iya ɗauko garin fure daga wata kabewa mai ɗaci ya haɗa, sai a shuka ta gaba abin ya bayyana. Zafi da ƙishirwa ma suna ƙara shi.

To maganar maƙwabciya, wallahi ita ce tafi damuna don kullum sai na ji irinta. Mu dai komai in yana da ɗaci shikenan ya zama magani, shuwaka na da ɗaci ana ci, garafuni na da ɗaci ana sha, sai a ɗauka duk ɗaci ɗaya ne. Ba ɗaya bane. Wannan ɗacin wuta bata kashe shi, ko ki tafasa awa uku yana nan, gishiri baya cire shi, kanwa kam sai dai ta lalata miki miya a banza. Wanda ya ci cikin ɗan lokaci zai fara murɗawar ciki da amai da gudawa, ruwan jiki ya ƙare, ki duba mai suga da hawan jini a wannan halin. A Jamus a 2015 wani dattijo ɗan shekara 79 ya rasu bayan ya ci zukini mai ɗaci da aka noma a lambun gida, a Faransa kuma an samu mata biyu da gashinsu ya zube bayan sun ci kabewa mai ɗaci. Amma sai wani ya zauna a WhatsApp, bai taɓa riƙe fartanya ba, bai san ƙofar asibiti ba, ya tura murya wai ɗaci ke kashe suga, mutane su yi ta turawa gaba harda a taimaka a yaɗa. Ku ji tsoron Allah, ran mutum ne fa. Maigida ya ci gaba da maganin da likita ya bashi, in kuma wani ya riga ya ci har amai ya fara, asibiti kai tsaye.

Sake shuka ba wahala. Sabon iri na leda, ƙwaya 2 ko 3 a rami, tazarar kamar mita 1, taki ruɓaɓɓe, ruwa a gindi ba kan ganye ba kuma kar ki bari ƙasa ta bushe ƙayau. Kwana 45 zuwa 55 kin fara tsinka, ki cire tun yana ɗanye tsawon taƙi guda, fatar na shiga da farce.

Kafin ki yanka a tukunya ki gutsure gefen gindin ki ɗan lasa, kowanne ɗaya, in da ɗaci ki tofar ki jefar. In babu, albasa da attarugu da ɗan mai, minti 5 ya isa, ki fasa ƙwai a kai. Ba kabewar miyar taushe bace da sai ta narke, in ya daɗe a wuta ruwa yake komawa.