Kafin Ka Ajiye Aikinka Ka Koma Jan Wasa

Ƙanena, saƙonka ya iso. Ka ce tun da ka fara jan teburin Asabar na wasan Dungeons & Dragons ta intanet daloli sun fara shigowa, ka buga lissafinsu da naira ka ga sun kusa kamo albashinka na ofis, shi ne kake tambaya ko ka rubuta takardar ajiye aiki ka koma jan wasa gaba ɗaya. Ka kuma ce Baba ya ga ɗan lido a ɗakinka ya tambaya ko caca ka fara. Bari in fara da ta Baba, ita ce mai sauƙi.

Ka gaya masa babu mai zuba kuɗi don ya cinye na wani. Mutum 4 ko 5 ne ke zama, kowa ya riƙe jarumi ɗaya a cikin labari, kai kuma kai ne sauran duniyar: kai ne sarkin gari, kai ne dodon kogo, kai ne alƙalin da ke cewa abin da aka yi niyya ya yiwu ko bai yiwu ba. Ɗan lidon nan mai fuska 20 aikinsa raba gardama kawai. Ladan aikinka ake biyan ka, kuma ko jarumi ya ci yaƙi ko ya mutu, kuɗin ɗaya ne. Kada ka ji haushin tambayarsa. A Amurka ma, inda Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar da Dungeons & Dragons a 1974, iyaye sun tayar da jijiyar wuya a shekarun 1980 suna cewa wasan tsafi ne, har maganar ta kai gidajen talabijin. Gaskiya ne littattafan cike suke da bokaye da gumakan ƙage. Abin da zuciyarka ba ta kwanta da shi ba ka cire shi, teburin naka ne.

Batun aiki kuwa, kada ka ajiye tukuna. Ba don ba ka iya ba. Na saurare ka kana jan wasa, bakinka na da zaƙi, kuma dokoki suna kanka. Lissafinka ne bai cika ba.

Mu ɗauka kujera dala 20 ce, wanda shi ne kusan abin da ake gani a shafukan da masu jan wasa ke tallar teburinsu, irin su StartPlaying da aka buɗe a 2020. Mutum 5, dala 100 ke nan a zama ɗaya. Shafin zai cire kasonsa, hanyar da kuɗin zai bi kafin ya iso bankinka a Kaduna ita ma za ta ɗan ciza. Zaman kansa awa 4 ne, kai kuma a nan ka tsayar da ƙirgenka. Ina awa 2 ko 3 da ka yi kana karanta babin da za a shiga, kana jera taswira, kana sa bango da ƙofofi a kwamfuta don kada ɗan wasa ya hango abin da ke ɗaki na gaba? Ina lokacin amsa saƙonni a manhajar hira ta Discord, wannan na tambayar ko jaruminsa zai iya sauya makami, waccan na son a ɗaga zama saboda bikin ƙanwarta? Ina daren da ka ɓata kana rubuta talla? In ka tara su, dala 100 ɗin nan ta kusan wuni guda ce. Ba a kuma cire kuɗin data ba, da batir da sola, da makirfo mai kyau, da lasisin Foundry na dala 50 ko kuɗin wata-wata na Roll20, manhajojin da ake yin wasan a kansu ta intanet, da littattafan da sau da yawa sai ka saya sau biyu, na takarda da na kwamfuta.

Ba ma a nan gizo ke saƙa ba. Sana'ar nan irin ta direban tasha ce: man da zai sha daga Kaduna zuwa Kano ɗaya ne, ko motar ta cika ko da fasinja uku ya tashi. Ran da mutum 2 suka ce ba za su zo ba, shirinka bai ragu ba, muryarka ba ta huta ba, amma dala 100 ta koma 60. In aka shiga Disamba kuwa, Turawa suka kama hidimar Kirsimeti da tafiye-tafiye, sai ka ga tebur ya yi mako biyu ko uku a rufe. Albashin ofis bai san Disamba ba.

To me ya sa mutum zai biya kuɗi a kan abin da abokinsa zai iya yi masa kyauta? Ka riƙe wannan da kyau, don duk sana'ar a kansa take tsaye. Yawancin waɗanda ke zuwa wurina sun taɓa yin wasa kyauta, kuma labarinsu ɗaya ne: an fara da zafi, an yi zama uku ko huɗu, sai mai jan wasan ya samu sabon aiki, wani matarsa ta haihu, wani ya daina amsa saƙo, tafiya ta watse jarumai suna tsaye a bakin ƙofar kogo har yau. Abin da suke saye a wurinka tabbas ne. Suna so su san cewa ranar Talata ƙarfe 7 za a zauna, mai jan wasa zai zo a shirye, za a tashi a kan lokaci, kuma wata shida nan gaba labarin yana nan bai mutu ba. Kuɗin da suka biya su ma yana ɗaure su, don wanda aka cire wa dala 20 ba ya mantawa da zama. Iya kwaikwayon murya ado ne a kai.

Na san kana kallon Critical Role, shirin nan da ake haska wasan a intanet, kana jin cewa sai ka zama Matthew Mercer, mai jan wasansu, kafin ka cancanci a biya ka. Waɗannan mutane sana'arsu ke nan tun kafin su fara haska wasansu a 2015, 'yan wasan murya ne da ke yi wa katun da wasannin bidiyo magana. Kuɗinsu kuma ba daga kujera yake fitowa ba, daga 'yan kallo ne da talla da kayan da suke sayarwa. A 2019 kaɗai masoyansu sun tara musu sama da dala miliyan 11 a shafin tara gudummawa na Kickstarter don su yi katun. Wata kasuwa ce daban. Illar da ta yi mana ita ce sabon ɗan wasa kan zo yana jiran ya ga irin abin da ya gani a allo. Maganinsa zaman share fage, wanda ba na fara kowace doguwar tafiya sai na yi shi, kuma ba na karɓar kuɗinsa. A nan za ka gaya musu irin jan wasanka, ka tambayi abin da kowa ba ya son a kawo a labari, ka faɗi dokar fashin zama, ka kuma faɗa da bakinka cewa jarumi yana iya mutuwa.

Wannan ta ƙarshen ita ce inda na ga masu jan wasa da yawa suna lalacewa da zarar kuɗi ya shigo. Ga yadda abin ke faruwa. Wata baiwar Allah ta yi watanni tana renon jarumarta, ta rubuta mata tarihi shafi uku, har ta biya mai zane ya zana ta. Jarumar ta faɗi a fagen fama, an zo jifar tsira daga mutuwa, ta riga ta faɗi ɗaya, ta sake jefawa, ɗan lido ya tsaya a kan 1. A dokar bugu na biyar na wasan, 1 faɗuwa biyu ce, faɗuwa uku kuma mutuwa ce. Tebur ya yi tsit, ba ka jin komai sai ƙarar fankar wani a makirfo. A daidai wannan daƙiƙar wata murya za ta raɗa maka cewa matar nan dala 80 take kawo maka duk wata, ka nemo dabarar da za ka ceto ta. Kada ka saurara. In ka lanƙwasa doka, sauran huɗun sun gani, kuma daga ranar sun san dodanninka ba su da haƙora, duk wata jifa da za a yi nan gaba ta zama wasan yara. Abin da za ka yi shi ne ka rage gudu. Ka tambaye ta mene ne kalaman jarumar na ƙarshe, ka bar sauran su yi mata bankwana a cikin labari, bayan an tashi ka rubuta mata saƙo ku zauna ku gina wata. Waɗanda suka bar teburina saboda mutuwar jarumi ba su kai waɗanda suka bar shi saboda wani ɗan wasa ba.

Shi ne ɗaya ciwon. A kusan kowane tebur akwai mai baki, wanda kafin ka rufe tambaya ya amsa, ya katse kowa, ya gaya wa wasu yadda za su motsa jarumansu. Masu kunya ba za su kawo maka ƙara ba. Za ka ga dai makirfonsu a kashe, sai mako mai zuwa ɗaya ya ce aiki ya yi masa yawa. Ka koyi kiran suna: "Mun ji naka, bari mu ji mai baka da kibiya, ke me kike yi yanzu?" In ka yi masa magana a keɓe sau ɗaya, sau biyu, bai gyara ba, ka mayar masa da kuɗin zaman ka sallame shi cikin mutunci. Rasa dala 20 ya fi rasa 60.

Dabarar rage wahalar shiri kuwa ɗaya ce na sani: labari ɗaya, tebur da yawa. Duniyar da ka ƙirƙira da kanka tana da daɗi, amma baƙo ba ya neman ta, sunan da ya sani yake bugawa a shafi. Shi ya sa za ka ga tallan shiryayyen labarin Curse of Strahd, wanda ya fito tun 2016, ya cika ko'ina. Ka shirya shi sau ɗaya da kyau, ka ja shi a tebur uku. Sai dai ka riƙe littafin rubutu na kowane tebur daban, don mutumin da 'yan Talata suka kashe yana nan da ransa a wurin 'yan Alhamis, kuma ba abin da ke zubar da girman mai jan wasa kamar ya tayar da matacce bai sani ba. Ka kuma koyi wasa na biyu. A Janairun 2023, da Wizards of the Coast, kamfanin da ke da Dungeons & Dragons, ya so sauya lasisin da ke bai wa wasu damar buga kayan wasan, 'yan wasa sun fusata har kamfanin ya janye, amma kafin nan da yawa sun tafi gwada wani wasa irinsa mai suna Pathfinder. Wanda ya iya Pathfinder ko Call of Cthulhu a lokacin bai rasa kujeru ba.

Sai abin da ya shafe ka kai da ke gida, wanda ni a nan Ingila bai dame ni sosai ba. Mafi yawan masu biya suna Amurka, kuma bayan sun tashi aiki suke wasa. Ƙarfe 7 na yamma a New York ƙarfe 1 na dare ne a wurinka lokacin hunturunsu, 12 na dare lokacin bazararsu. Zaman awa 4 zai kai ka gab da kiran assalatu. Na Kalifoniya ma kada ka fara, asuba za ta riske ka kuna tsakiyar yaƙi. Mutum na iya jure wannan dare ɗaya ko biyu a mako, amma wanda ya mai da shi abincinsa zai ji a jikinsa, iyalinsa ma za su ji. Ka fuskanci Turai: Landan awa ɗaya take bayanku a hunturu, daidai take da ku a bazara, Jamus da Faransa kuwa daidai suke da ku a hunturu. Ka tanadi layin intanet biyu na kamfanoni daban, batirinka ya iya ɗaukar kwamfuta awa 5 ba wuta. Sau ɗaya za a yi maka uzuri in ka ɓace ana tsakiyar faɗa, na biyu sai dai ka gan shi a sharhin da za su rubuta a shafinka. Kafin ka sa ran wani shafi, ka tabbatar yana iya tura kuɗi inda kake, don ba kowace ƙasa suke biya kai tsaye ba. Azumi kuma ka sanar da su tun da sauran wata guda cewa lokaci zai sauya. Muryarka ita ce jarinka: tebur biyu a rana ya isa, ruwan ɗumi a gefenka, muryar dodo kuma daga ciki ake fito da ita, ba daga maƙogwaro ba.

Ga sharaɗina. Ka riƙe aikinka, ka ƙara tebur ɗaya a daren Laraba a kan na Asabar. Ka buɗe littafi ka riƙa rubuta kowace awa da ka kashe da kowace dala da ta iso hannunka bayan an cire komai. In ka yi wata shida kujerunka ba su sauka ƙasa da 4 ba, akwai mutane a layi suna jiran gurbi, kuma ka ajiye abin da zai riƙe gida wata uku ko da ba a zauna ko sau ɗaya ba, ka dawo mu sake magana da littafin a hannunka. Kafin nan, ka rubuta dokar fashin zamanka, awa nawa kafin lokaci mutum zai sanar, da abin da za a yi in mutum 2 kaɗai suka zo, ka turo mini in duba kafin ka manna ta a tallanka. Ka gaishe mini da Baba.