Kafin ka farke cikin WordStar ɗin nan, ji abin da ya same ni

Ƙanena, ka fama mini tsohon miki. Ka ce kana da WordStar, manhajar buga rubutu ta zamanin DOS (tsohon tsarin kwamfuta kafin Windows), kamfaninsa ya shuɗe, kana so ka kwance shi ka ga yadda aka ɗinka, ka sa masa ƙ da ɗ da ɓ, ka raba wa jama'a, ko doka za ta taɓa ka. Da na karanta sai da na ajiye wayar na yi shiru.

Ni nawa WordPerfect 5.1 ne, wata manhajar buga rubutun, mai shuɗin allo. Da shi na ci abinci shekara da shekaru a ɗan shagona na buga takardu a Aboabo, cikin Kumasi. Wani yaro mai gyaran kwamfuta, ba zan kama sunansa ba don har yau muna haɗuwa a Juma'a, ya ce zai sa mini haruffa masu ƙugiya. Ya yi kwana biyu a kai, ƙ ta fito ɓaro-ɓaro a allo da a firinta, na biya shi har da tukuici. Ashe wasu alamomin da ba a amfani da su ya canza wa kama, a cikin fayil kuwa babu ƙ ko ɗaya.

A lokacin ina juya wa wani dattijon malami waƙoƙinsa na wa'azi daga ajami zuwa boko, shafi ya haura ɗari biyu. Dumsor, wato yawan ɗauke wutar lantarki, na 2015 ya ƙone na'urar. Na kwashe flopi daga gwangwanin biskit da nake ajiye su, na buɗe a sabuwar kwamfuta: duk inda ƙugiya take, harafin ya ɓace. Ƙasa ta koma asa, ɗa ya koma a. Malam ya zo ya zauna a benci, ya goge tabarau da gefen rawani, ya kai takardar kusa da fuska, ya ce, "Yaro, wannan wane yare ne?" Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Wata huɗu ina bin ajamin baiti-baiti ina mayar da ƙugiya da hannu. Shi kuwa gogan mai gyaran kwamfutar, ashe ya kwafe manhajar a faifan CD yana sayarwa a wajen kasuwar Kejetia, sunan shagona rubuce da maka a kai, wai don a yarda da ingancinsa. Da an yi kame ni za a fara nema. Da na tare shi cewa ya yi, "Ai Baba, kayan ba su da mai su."

Suna da mai su. Dokar haƙƙin mallaka ta Gana, Act 690 ta 2005, ta haɗa har da manhajar kwamfuta, kuma aikin kamfani shekara 70 yake yi a ƙarƙashin kariya. WordStar 7.0 na 1992 ne, yi lissafin da kanka. Kamfani in ya mutu haƙƙinsa gado yake zama, wani ya saye. Na MicroPro, kamfanin da ya yi WordStar, ya bi hannuwa da dama. WordPerfect ma Corel ta saye shi a 1996. Dubi Microsoft: a 2014 ta saki asalin rubutun da aka gina manhajar Word 1.1a da shi ta hannun gidan tarihin kwamfuta na Kalifoniya, amma da sharaɗin ba na kasuwanci ba. Tsohon abu ne, ba ta sake igiyar ba.

Inda ka sami sauƙi, dokarmu ta bar wanda ya mallaki kwafinsa ta halal ya yi kwafi guda na ajiya, ko ya daidaita shi don ya yi aiki a na'urarsa. Ka ji ana kawo shari'ar Sega da Accolade, kamfanonin wasannin bidiyo, ta 1992, inda kotu ta yarda a kwance manhaja don a gane yadda za ta yi aiki da wata. Wannan Amurka ce, kada ka ɗauke ta ka kai gaban alƙali a Adum. Gyara a ɗakinka daban, rabawa daban, ko kyauta ce. In ka nace sai ka raba, je ofishin haƙƙin mallaka a Akra ko ka ga lauya tukun.

Kuma don Allah ka sayi UPS, batirin da ke riƙe kwamfuta in an ɗauke wuta, ko na hannu ne. Kada ka taɓa asalin faifan, kwafi za ka yi wa tiyata. Ni yanzu a DOSBox, manhajar da ke kwaikwayon DOS a sabuwar kwamfuta, nake kunna tsohon nawa in kewa ta kama ni, fayilolin kuma manhajar LibreOffice ke buɗe mini su. Fitar da rubuce-rubucenka zuwa Unicode, tsarin haruffan kwamfutocin zamani, tun yau, can ƙ take da lambarta ta kanta.

Malam ya karɓi littafinsa kafin ya rasu, Allah ya jiƙansa. Faɗa mini wane WordStar ne a hannunka, kuma fayil nawa ne, in ga ta inda za mu fara.