Za a iya sassauto da tutar Najeriya idan kansila ya rasu?

Tambaya: Malam, ni ma'aikaci ne a sakatariyar wata ƙaramar hukuma a jihar Gombe. Kansilan mazaɓarmu Allah ya yi masa rasuwa, sai ciyaman ya ce a sassauto da tuta zuwa rabin sanda har a yi sadakar uku. Wasu sun ce ba huruminsa ba ne. Me doka ta ce?

Amsa: Allah ya jiƙansa, ya ba ku haƙurin rashi. Niyyar ciyaman mai kyau ce, ban ga abin zargi a cikinta ba, amma waɗanda suka ja hankalinsa suna da hujja.

Dokar da ke kula da tutar ƙasa ita ce Dokar Tutoci da Tambarin Ƙasa, wadda asalinta tun 1960 ne, shekarar da aka fara ɗaga tutar da Taiwo Akinkunmi ya zana. Ba ta kawo jerin mutanen da za a sassauto wa tuta idan sun rasu ba. Abin da ake bi tsari ne na gwamnati da aka daɗe a kai. Shugaban ƙasa ke ba da umarni idan makokin na ƙasa baki ɗaya ne. Haka aka yi kwana bakwai bayan rasuwar Umaru Musa 'Yar'aduwa a watan Mayun 2010, haka kuma Shugaba Tinubu ya ba da umarnin kwana bakwai da Muhammadu Buhari ya rasu ranar 13 ga Yulin 2025. A jiha, gwamna ne kan sanar da zaman makoki, kuma galibi ta ofishin Sakataren Gwamnatin Jiha sanarwar ke fitowa.

Ciyaman fa? Tutar da ke gaban sakatariyarku ba ta ƙaramar hukuma ba ce, ta tarayya ce. Gombe na da ƙananan hukumomi 11, Bauchi 20. Idan kowane ciyaman zai sassauto da ita duk ranar da ya yi rashin kansila ko hakimi, mai wucewa a hanya ba zai ƙara sanin ko ƙasa ce ke makoki ko mazaɓa ɗaya ba. Ko hukuncin Kotun Ƙoli na Yulin 2024 da ake yawan kafa hujja da shi, maganar kuɗin ƙananan hukumomi da zaɓaɓɓun shugabanninsu ya yi, bai taɓo tuta ba.

Shawarata, ciyaman ya rubuta wa ma'aikatar ƙananan hukumomi ta jiha, a nemi amincewar gwamna. Na san a wurinmu da wuya takarda ta je ta dawo kafin a yi jana'iza, tunda wanda ya rasu da safe kafin la'asar an kai shi makwancinsa. To majalisar kansiloli ta ɗage zamanta, a je ta'aziyya a tare, a hanzarta biyan iyalansa haƙƙoƙinsa. Wannan ya fi yi wa marayunsa amfani.

Idan izini ya samu, ba a jawo tuta daga ƙasa a tsaya a tsakiya. Masinja ya kai ta ƙololuwar sanda tukuna, ya ɗan dakata, sannan ya sassauto da ita a hankali. Da yamma ma sai ta koma sama kafin a sauke ta, kuma kada ta taɓa ƙasa.

Abin da ya fi damuna shi ne laifin da dokar ta ambata ƙarara: kafa tuta yagaggiya ko wadda ta lalace. Tarar naira 100 ce, da naira 10 a kowace ranar da aka ci gaba, kuɗin da yau ba ya sayen komai, amma laifin na nan. Na sha ganin sakatariyar da koren tutarta ya koɗe saboda rana da ƙurar hunturu, bakinta duk ya zazzage. Gobe idan ka je aiki, ɗaga kai ka dubi taku, in ta kai haka ka shaida wa ciyaman a sayo sabuwa.