Zan je Fas, ina son tukwanen Ain Nokbi amma an ce akwai dalma a jikinsu

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. In sha Allahu wata mai kamawa za mu tafi Maroko ni da maigida da yara biyu, ziyara zawiyar Shehu Tijjani a Fas, kuma ina so mu zaga tsohon garin mu leƙa unguwar masu ginin tukwane in sayo tukunyar tajin, wato tukunyar ƙasar nan ta girkin Maroko mai murfi mai tsini, da farantai masu zanen shuɗin nan. To sai wata ta ce min akwai dalma a jikinsu, hankalina ya tashi don ƙaramin nawa shekararsa 2 kuma ina da juna biyu. Wata kuma ta ce ba komai, in jiƙa su kwana ɗaya in tafasa da ruwan khal za ta fita. Wacce zan ɗauka? Sannan da gaske ne mutum na ɓata a cikin garin?

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah Ya kai ku lafiya Ya sauke ki lafiya. Maganar ɓata ki kwantar da hankalinki, kowa na ɓata a Fas al-Bali, wato tsohon garin, kuma kowa na fita. Ku shiga ta Bab Boujloud, ƙofar da aka gina a 1913 mai shuɗi ta waje kore ta ciki, ku kama babbar hanyar Talaa Kebira ku yi ta gangara, za ku wuce makarantar Bou Inania ta ƙarni na 14, hanyar ta kai ku wajen masallacin Ƙarawiyyin da ake danganta kafuwarsa ga Fatima al-Fihri a 859, zawiyar da Shehu yake kwance tun rasuwarsa a 1815 ba ta da nisa da nan. Mota ba ta shiga, jaki da alfadari ne ke dakon kaya, in kin ji an ce "balak", wato a kauce, ki ja yaran ku manne da bango. In kun rikice ku tambayi mai shago, ba saurayin da ya biyo ku yana cewa hanyar a rufe take ba. Ɗan rakiya na hukuma yana da katin shaida, ku ce ya nuna. Ranar Juma'a shaguna da yawa a kulle suke.

Masu tukwanen ba a cikin ganuwa suke ba, an mai da su Ain Nokbi a bayan gari saboda hayaƙi, don da ƙwallon zaitun aka saba hura wutar toyi. Ku tari jar tasi ƙarama ta kai ku. Wurin ya cancanci zuwa wallahi. Za ki ga magini yana harba faifai da ƙafa yana ɗaga yumɓu mai ruwan toka da hannu, ki ga mai zane yana jan layi ba awo ba komai da wani ruwa mai duhu wanda ba za ki ce shuɗi ba ne sai ya fito daga wuta, ga masu sassaƙa zellij, wato ƙananan tayil na adon gini, a zaune suna datsa tayil da guduma mai kaifi ɗaya bayan ɗaya.

To yanzu maganar da ta fi damuna. Wacce ta ce miki akwai dalma ta yi gaskiya, ba a kowace tukunya ba amma akwai. Wacce ta ce ki jiƙa ki tafasa kuwa, kar ki saurare ta ko kaɗan, kuma don Allah ki koma ki gaya mata ta daina yaɗawa. Na gaji da jin wannan magana, kullum sai wani ya zo min da ita, wannan ya ce ruwan khal, wancan ya ce madara, wani ya ce gishiri da toka, har da masu cewa ai ƙasa ce Allah Ya halitta ba za ta cutar ba. Ita dalmar ba Allah ne Ya halicce ta ba? Ba datti ba ce da ke kwance a sama da za a wanke, tana cikin wannan shafen mai ƙyalli ne, da ita aka narka shi. Magina na sa ta ne saboda tana sa shafen ya narke ba tare da wuta mai tsanani ba kuma ya fito sumul yana sheƙi, shi ya sa aka ɗauki ɗaruruwan shekaru ana aiki da ita. Muddin shafen na nan tana nan. Ki tafasa yau wata ta fita, gobe ki dafa tumatir wata ta sake fita, kuma tafasawar da khal ɗin ma cinye fuskar shafen take yi. Hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta faɗa ƙarara cewa wanki ko tafasawa ba sa raba tukunya da dalma.

Na san inda ruɗanin ya samo asali. Sabuwar tukunyar tajin ana jiƙa ta a ruwa, a shanya, a shafe ta da man zaitun a ɗora a wuta kaɗan kaɗan, wannan gaskiya ne kuma mai kyau ne, amma don kar ta tsage ake yi. Babu ruwansa da guba. Mutane ne suka haɗe abu biyu, 'yan kamasho kuma suka ga ya yi musu daɗi suka riƙe.

Abu uku ke jawo dalmar cikin abinci, tsami da zafi da daɗewa, ga shi tajin duka ukun ya tara, tumatir da lemun tsami a wuta awa biyu ko fiye. Ba ta da ɗanɗano ba ta da wari, kuma yaro ba ya nuna alama da wuri, wannan shi ne mugun abin. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin dalma a jini da aka san ba ya cutarwa, kuma jikin ƙaramin yaro na tsotsar ninki 4 zuwa 5 na abin da babba ke tsotsa. Ƙwaƙwalwa take taɓawa, fahimta ta ragu, ga ƙarancin jini, kuma abin da ta lalata a ƙwaƙwalwa ba ya dawowa. Ga babba hawan jini da ciwon ƙoda. Ke kuma da ciki, tana ratsa mahaifa ta kai ga ɗan tayi, har wadda ta taru a ƙashi tun shekarun baya tana iya fitowa lokacin goyon ciki. Ta yaya mutum zai ji wannan sannan ya ce wa mai ciki ta jiƙa a ruwa kawai?

Ban ce maginan Fas macuta ba ne. Wasunsu sun koma shafe marar dalma musamman masu fitar da kaya Turai, kuma su da ke shaƙar garin shafen kullum sun fi kowa shiga haɗari. Matsalar ido ba ya bambancewa, ni ma ba zan kalli faranti in ce miki wannan lafiya lau ba. Kowane shago za a ce miki babu dalma, sitika kuwa kowa na iya bugawa ya manna. Ki ce a nuna miki takardar ɗakin gwaji mai sunan masana'antar, in an fara kame-kame ki san inda kika dosa. Ɗan tsinken gwajin da ake gogawa in ya canza launi to akwai, amma in bai canza ba wannan ba shaida ba ce cewa babu.

Don girki ki sayi tajin marar shafe, wanda cikinsa ƙasa ce zalla ba ƙyalli. Ki guji mai sheƙin ruwan zuma mai arha, da masu ja ko ruwan lemu ko rawaya ta ciki don waɗannan launuka wani lokaci da kadmiyam ake haɗa su, shi ma guba ne. Farantan shuɗin ki saya abinki ki rataye a bango, ki yi ciniki sosai da dirhaminki don kuɗin ɗan rakiya na cikin farashin farko. Tsoho ko mai tsagewa ko wanda ya yi fari-fari bayan wanki kar abinci ya taɓa shi. A masana'antar ki riƙe hannun ƙaramin kar ya taɓa garin shafe ya kai baki, ke ma ki nisanci ɗakin haɗa shafe da hayaƙin toyi, ku wanke hannu da sabulu kafin ku ci wani abu. In kuma akwai irin waɗannan kwanuka a gida da aka daɗe ana ci a ciki, a ajiye su yau, a je asibiti a nemi gwajin dalma a jini ke da yaran, madara ko jiƙon wankin ciki ba sa fitar da ita.