Hukuncin tara littattafan zane masu sa hannu da aka rufe cikin roba

Tambaya: Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, ni ɗan kasuwa ne a nan Maraɗi. Tun ina yaro nake son littattafan labari na zane-zane. Akwai wani jerin almara na dodanni da mayaƙa a wata duniya ta ƙage, wanda mai zanen da kansa yake bugawa, ba babban kamfani ba. Yayana da ke Amurka yana saya mini waɗanda mai zanen ya sa wa hannu, kamfanin CGC ya duba lafiyarsu, ya ba su maki, ya rufe su cikin roba. Na karantawa bai wuce jaka uku ba, rufaffen kuwa yakan kai jaka sittin. Wani abokina ya ce haramun ne, wai hoto ne kuma caca ce. Mene ne gaskiya, kuma akwai zakka a kansu?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Ɗana, abokinka ya yi gaggawar yanke hukunci, ko da yake maganar hoto da ya kawo tana da tushe. Ya tabbata a Buhari da Muslim cewa mala'iku ba sa shiga gidan da akwai kare ko hoto, kuma Imam Nawawi da wasu malamai sun haramta zana abu mai rai ko a takarda ne. Amma a mazhabar Maliku, wadda muka tashi a cikinta, akwai rarrabewa. Shehu Dardir ya bayyana cewa abin da ya haramta shi ne siffar mai rai cikakkiya wadda take da inuwa, wato mutum-mutumi. Zanen da ke shimfiɗe a takarda ko bango bai kai haramun ba, iyakarsa karhanci. Daga cikin hujjojinsu akwai togacewar da ta zo a hadisin Abu Ɗalha game da zanen da ke jikin tufa. Don haka ka ajiye su a akwati ko kabad, kada ka jera su a bangon ɗaki, balle inda kake salla. Ta haka ka rage wa kanka shiga saɓanin.

Kasancewar labarin ƙage ne ba laifi ba ne. Wanda ya ba yara tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi bai yi ƙarya ba, don kowa ya san tatsuniya ce. Abu Dawud ya ruwaito cewa Annabi (SAW) ya ga doki mai fukafukai cikin 'yan tsanar Nana A'isha, ya tambaye ta, ta ce ko bai ji cewa Annabi Sulaimanu yana da dawakai masu fukafukai ba, ya yi dariya, bai hana ta ba. Abin dubawa shi ne me ke cikin shafukan. In akwai tsiraici, ko ana koyar da sihiri ana ƙawata shi, ko ana ɗaukaka wasu alloli ana izgili da addini, to sayen wannan fitowar da sayar da ita ba su halatta ba, kuma robar da aka rufe ta da ita ba ta canza komai. Kai ka karanta labarin, kai ka san abin da ke ciki.

Sai cinikin, kuma nan ne abokinka ya kuskure. Caca ita ce ka sa kuɗi ko ka samu ko ka tashi a tutar babu. Kai kuwa kana biya, ana miƙa maka kaya sananne. Wani zai ce ai ba a buɗewa, ka sayi abin da ba ka gani ba. Wannan mas'ala tsohuwa ce. Imamu Maliku a Muwaɗɗa ya halatta sayen dilar tufafi bisa takardar da ta faɗi abin da ke ciki, ba tare da an kwance ta ba, saboda kwancewar tana jawo wa mai kaya asara, kuma haka mutane suka saba ciniki. In kayan sun dace da sifar da aka rubuta, ciniki ya ɗauru, in sun saɓa, mai saye yana da damar mayarwa. Tambarin da ke saman robar wannan aikin yake yi. Kamfanin CGC, wanda ya fara aiki a 2000 kuma yake Sarasota a jihar Florida, yana ba da maki daga 0.5 zuwa 10, ya rubuta sunan littafin da lambar fitowarsa, ya sa tambari ruwan ɗorawa ga wanda aka sa wa hannu a gaban wakilinsa. Kuɗin da ake biyansa ladan aiki ne sananne, ijara ce halattacciya.

Ƙarin farashi saboda sa hannu ma babu laifi, tunda aya ta 29 ta Suratun Nisa'i ta rataya ciniki ga yardar juna. Sai dai sa hannun mai zane ba albarka ba ce, tawada ce da mutane suka yarda su biya. Sayar da sa hannun jabu, ko fasa robar a musanya littafin, algus ne, kuma Muslim ya ruwaito cewa Annabi (SAW) ya ce wanda ya yi algus ba ya cikinmu. Haka nan sa abokai su riƙa taya kaya a gwanjon intanet don farashi ya hau alhali ba saye za su yi ba, wannan najashu ne, Annabi (SAW) ya hana shi.

Inda raina bai kwanta ba shi ne kuɗin. Littafi don karatu aka yi shi, wannan kuwa da ka fasa robar darajarsa ta sauka, ka ga ke nan kana biyan ninki ashirin don abin da za ka kalli bangonsa kawai. Ban ce haramun ba ne, domin al'ada ta mayar da shi dukiya. Amma Allah ya hana almubazzaranci a Suratul Isra'i, aya ta 26 da 27, kuma ma'auninsa halin mutum ne. Wanda ake bin sa bashi, ko hatsin gidansa ba zai kai kaka ba, ko iyayensa na cikin buƙata, to jaka sittin ɗin nan akwai masu haƙƙi a kanta kafin robar. In kuma riba kake hange, ka sani a farkon shekarun 1990 mutanen Amurka sun yi rububin sayen irin waɗannan littattafai don ajiya, kasuwar ta faɗi, shaguna da yawa suka rufe, har kamfanin Marvel, ɗaya daga cikin manyan masu buga su, ya shiga fatara a 1996. Ga kuɗin aikawa da na kwastan, kuma a Maraɗi wa zai taya maka shi ranar da ka matsu?

Zakka tana bin niyyarka ranar saye. In don sha'awa ka saya ka ajiye, babu zakka ko sun kai nawa. In don ciniki ne, kana jiran farashi ya hau, to kai muhtakiri ne a wurin Malikawa: sai ranar da ka sayar, in shekara ta zagayo kan kuɗin da ka saya da su, kuma abin da ka karɓa, shi kaɗai ko haɗe da kuɗin da ke hannunka, ya kai nisabi, wato kimanin giram 85 na zinariya, ka fitar da kashi 2.5 cikin ɗari na shekara ɗaya tak, ko sun daɗe a ajiye. In kana saye kana sayarwa kullum kamar sauran hajar shagonka, to ka yi musu ƙima duk shekara tare da ita.

Wallahu a'alam.